Ƙunshin da Ya Hana Ni Shiga Na'ura

Mu biyu muke aikin sa-kai a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, ni da ƙawata. Tare muka yi makarantar koyon aikin lafiya, tare muka dawo gida da takardunmu a leda, muka hau jiran ranar da gwamnati za ta tuna da mu. Shekarun nan ne da gero ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Motocin 'yan kasuwar Dawanau su biyo ƙauyuka su kwashe hatsi tun yana masussuka, kafin damina kuma mai gona ya koma sayen abin da ya noma da hannunsa. Mata su zo awon ciki, ka ja fatar idonsu ka ga fari fat, ka ce su riƙa cin ƙwai da hanta, su yi maka wata dariya mai ciwo. Ɗan abin da ake ba mu a ƙarshen wata bai kai a kira shi albashi ba. Abin da ya zaunar da mu shi ne maganar oganmu, dattijon da ke kula da asibitin, cewa an yi mana alkawarin gurbi ɗaya na aikin dindindin. Gurbi ɗaya, mu kuwa mu biyu ne.

Ba mu taɓa yin zancen a tsakaninmu ba, amma ni a raina na gama rabo tuni. Ni ce mai hannun karɓar haihuwa, ni ake aikowa a kira in naƙuda ta yi gardama. Ita ƙawata Allah ya ba ta haƙuri da fara'a, sai dai in jini ya yi yawa sai ta fara salati tana waigen ƙofa. Rubutunta a katin marasa lafiya kuwa kamar kaza ta yi tono. Ina son ta, wallahi ina son ta, amma irin son da kake yi wa wanda ka tabbata a bayanka yake.

Bayan an kai amfanin gona gida aka sa bikin ƙanwata. A wajenmu mace ba ta yi wa kanta ƙunshi, don wadda aka ɗaure wa hannu da ƙafa ko ruwa ba ta iya sha sai an ba ta. Tun muna 'yan mata haka muke yi da ƙawata, yau ta ɗaura min, gobe in ɗaura mata. Ta zo gidana da hantsi, ta kwaɓa lalle, ta sa leda a hannunta ta lafta min har kan yatsu, ta naɗe da leda da tsumma. Ta zauna tana ba ni fura a baki da ludayi, tana tsokanata wai na fi amarya zumuɗi. Da aka kwance ta bi shi da gishirin lalle da toka, ya fito baƙi wuluk, kyau kamar me. Na ce mata gobe da la'asar sai naki. Ta ce Allah ya kai mu.

Washegari muna cikin awo wata farar mota ta tsaya a gindin darbejiyar asibiti. Wata mata ce ta fito, doguwa mai gilashi, daga wata jami'a a birni, Dakta ake ce mata, tare da wani injiniya mai jaka a kafaɗa. Ta ce bincike suke yi a ƙananan asibitoci irin namu, suna so su ga ko za a iya ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfutar hannu maimakon kati. Gaskiya ta faɗa da ta ce kati yana ba mu wahala. Gara ta ci, ruwan sama ya jiƙa, mace ta manto nata a gida ko yaro ya yaga, ta zo ka rasa allurar da aka yi mata wancan karon. A na'ura kuwa, in ji ta, da an taɓa sunan mace komai nata zai fito. Sai dai na'urar ba ta buɗuwa sai da dangwalen yatsan ma'aikacin da aka yi wa rajista, don a tsare sirrin mutane, a kuma san wanda ya yi kowane aiki.

Oga ya ce shi idonsa ya yi rauni, ritaya ma yake hange, mu yara mu je. Ni na fara miƙa hannu, har da gyara mayafi.

"Hajiya, kawo babban yatsa," in ji injiniyan.

Na ɗora, wuta ta kawo ja. Ya goge wurin da gefen rigarsa, na sake ɗorawa, ja. Muka bi yatsun hannun dama kaf, muka koma na hagu. Ya ɗaga hannuna ya duba, ya yi murmushi.

"Wannan lallen ne, Hajiya. Baƙin ya rufe zanen yatsan, ba ta ganin komai. Ki bari ya fita, in mun dawo sai a yi miki."

Ƙawata ta matso da hannunta fes, ta ɗora sau ɗaya, wuta ta kawo kore. Matan da ke kan benci suka yi shewa. Ni ma na yi dariya, har na ce ai na'urar ba ta san kwalliya ba. Amma da la'asar ɗin nan da na ce ta zo in ɗaura mata nata, sai ta ce a'a, an ce kada ta kuskura ta sa lalle a yatsa muddin ana wannan aiki. A nan zargi ya fara shiga raina. Gidan mijinta katanga ɗaya ne da gidan oga, kuma na ji Dakta na cewa ta buga wa oga waya tun kafin su zo.

Daga nan aiki ya ɗauki wani salo. Ni ce a bayan labule, ni ke shafa ciki, in auna jini, in saurari bugun zuciyar ɗa, in ɗaga murya in faɗa. Ita tana zaune a tebur tana latsawa. Abin haushi, ta iya. Yatsun nan da suka kasa riƙe biro sai ga su suna gudu a kan gilashi. Mace ta shigo ta ce ta manta katinta, ƙawata ta ce ba komai Inna, ta latsa, ta karanto mata ranar da ta zo da maganin da aka ba ta da nauyin ɗanta na goye. Matar ta riƙe haɓa tana sallallami. Wata tsohuwa har addu'a ta yi wa na'urar. Ba a daɗe ba suka fara kiran ƙawata Likita, ni kuwa ina nan a Malama.

Ba zan ce abin ba shi da amfani ba, ko da yake a lokacin na so a ce ba shi da shi. Ita na'urar ce ta tuna mana wata mai ciki da jininta ke hawa ta daina zuwa, muka bi ta har gida. Ni na taka da ƙafata cikin rana na je na lallaso mijin, amma da matar ta sauka lafiya, tebur ta nufa da ƙwaryar ƙwan zabi.

Kowane abu na na'urar nan sai ya ci min rai. Ƙawata ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa. In hadari ya rufe rana sola ta ƙi caji, ita ake ba kuɗin mashin ta kai ta kasuwa wurin masu cajin waya. Da yamma ta hau tudun bayan makarantar firamare, inda sabis yake kamawa, ta ɗaga ta sama tana tura bayanan ranar zuwa birni, mutane na wucewa suna yi mata sannu da aiki, ni ina can ina wanke almakashi da faranti. Aka kira ta bita a birni, ta hau motar Minjibir, ta dawo da jaka mai tambari da sababbin kalmomin Turanci a baki. Ta kawo min tsarabar biredi da man shafawa. Na karɓa na yi godiya. Ƙyashi nake yi, ba wani suna da zan ba shi. In ta yi dariya da Dakta a waya sai in ji kamar ni suke yi wa.

Lallen ya fita, yatsuna suka dawo fari tas. Na daina ƙunshi gaba ɗaya, don ban san ranar da injiniya zai dawo ba. Sallah ƙarama ta zo ta wuce hannuna gayau, babba ma haka, har maigidana ya fara tambaya ko takaba nake yi masa tun yana raye. Ranar da injiniyan ya dawo kuwa ina can rugage ina rigakafin yara, kafin in iso motar ta tafi. Daga nan mai ya yi tsada ya kuma yi wuya, suka rage zirga-zirga, sai waya. Da oga ya tuna musu maganata, aka ce mutum ɗaya ya isa a kowane asibiti tunda aiki yana tafiya daidai.

Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, duk abin da aka shigar, na'urar da kanta take maƙala masa sunan wadda ta buɗe ta. Wata rana ina leƙe ta kafaɗar ƙawata na ga an rubuta wadda ta karɓi haihuwa, ga sunanta a gaba. Haihuwar 'yan biyu ce da na yi gumi a kanta har rigata ta jiƙe.

"Ke, wannan fa? Yaushe kika karɓi 'yan biyu?"

"Haka take yi da kanta, wallahi. Ba ya goguwa, na gwada."

"Kin gaya musu?"

"Ai sun sani mu biyu ne. Kowa ya san ke ce mai aikin."

Kowa a ƙauye ya sani, amma ba a ƙauye ake raba gurbi ba. Na yi wa oga magana, ya ce in kwantar da hankalina, shi zai faɗa da bakinsa in lokaci ya yi. Mutumin kirki ne, sai dai irin mutanen da in sun shiga ofis suke tuɓe takalmi tun daga baranda, su fito ba su faɗi abin da ya kai su ba. Ni kuma kunya ta hana ni tsayawa gaban Dakta in ce ni na yi kaza, ni na yi kaza. Ba a tashe mu da yabon kai ba.

Ana cikin haka ƙawata ta samu ciki, na fari, bayan ta daɗe tana nema. Ni nake yi mata awo, ina faɗa tana shigar da bayanin kanta da kanta. Naƙuda ta kama ta ranar kasuwa da tsakar rana, cikin damina, oga ya tafi karɓo magani, hanya kuma ta cika da ruwa babu mashin da zai fita. Ta sha wuya. 'Yar ta zo da cibiya naɗe a wuya, ba ta yi kuka ba, jikinta ya saki. Na warware, na share mata baki da hanci, na yi ta murza bayanta ina hura mata numfashi har ta tsanyara ihu. Ina juyowa na ga uwar tana zubar da jini. Na yi mata allura, na danne mara ina murzawa, ina kiran sunanta kada ta lumshe ido. A lokacin babu ƙyashi ko ɗigo a raina, tsoro ne kawai. Sai da la'asar sakaliya jinin ya tsaya.

Tana dawowa hayyacinta, abin da ta fara cewa shi ne in miƙo mata na'ura. An ja musu kunne a wurin bita cewa kowace haihuwa a shigar da ita a ranarta, masu bincike suna duba wannan. Ta ɗora yatsanta tana kwance, wuta ta kawo kore, ta miƙo min. Ranar na fara taɓa gilashin nan. Da yatsa ɗaya na yi ta dangwale tana gaya min inda zan latsa. Da na gama na duba, ga sunan mai haihuwa, ga sunan wadda ta karɓi haihuwa, duk ita ce.

"Sannu Likita," na ce mata. "Kin haihu kin karɓi abinki, kin tsayar wa kanki jini. Ni na zo kallo."

Ta yi dariya har tana riƙe mara. Ni ma na yi, amma ƙyashin da ya tafi ɗazu ya dawo ya zauna a inda ya saba.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya sunana. Ƙawata ce ta roƙi mijinta. Sunana ba na yankinmu ba ne, na kakata ne ta wajen uba, ba a cika jin sa ba. Mata suka yi ta guɗa suna taya ni murna an yi min takwara. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, na kuma ji haushin cewa a wannan marra sai da na sayar da akuyata na yi wa takwara kaya. Wani abu kuma ya biyo baya da ban yi tunaninsa ba. 'Yar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Matar da take ƙwala min kira daga tebur ba adadi a yini, daga ranar bakinta ya bar sunana. Sai dai ta ce "ke", ko ta ce "mai suna".

Bayan ta yi arba'in farar motar ta dawo. Dakta ce da kanta. Ta ce suna tace bayanai suka ga wata mata da ta karɓi haihuwar kanta ta kuma yi wa kanta allura, shi ne ta zo ta ga wannan jaruma. Ta zaunar da mu ta kunna abin naɗar murya. Ƙawata, da goyonta a baya, ta nuna ni.

"Ita ce ta karɓa, Dakta. Ba wannan kaɗai ba. Duk haihuwar da ke ciki ita ce, awon ma ita ce. Ni latsawa kawai nake yi."

Dakta ta cire gilashi ta goge. Ta yi ta tambaya, tun daga ranar lalle har zuwa yau, ta ce wannan babban abu ne a bincikensu, wataƙila haka ake yi a sauran asibitocin ma, ma'aikata da yawa suna aiki da yatsan mutum ɗaya. Murna take yi, murnar wanda ya tsinci abin da yake nema. Na bari ta gama sannan na tambaye ta, shin bayanin wa ya yi me, ya taɓa fita daga hannunsu? Ta ce ofishin da ke kula da mu ya nemi taƙaitaccen rahoton aikin kowane ma'aikaci tun kafin damina, sun kuma ba su. Ta ba ni haƙuri, ta ce za ta je da kanta ta gyara. Na yarda cewa ta je ɗin, don ba ta yi kama da mai ƙarya ba. Amma kafin ta je an riga an buga takarda an sa hannu. Ƙawata aka ɗauka, aka kuma tura ta babban asibiti kusa da birni, inda ake neman wanda ya iya na'ura.

Ba ta ce za ta bar min ba, ni ma ban nema ba. Cinikin waken mijinta ya karye a shekarar, ga jaririya. Da ni ce a matsayinta ba zan bari ba. Sanin haka bai rage min komai ba. Abu ɗaya na tambaye ta, muna ninke zanen gado a ɗakin haihuwa.

"Ranar da kika ɗaura min ƙunshi, kin san za su zo?"

Ta daɗe tana gyara bakin zanen.

"Oga ya ce za su zo a makon. Bai faɗi rana ba. Kuma wallahi ban san da maganar yatsa ba."

Har yau wani lokaci in yarda da ita, wani lokaci in ƙi.

Ana gobe za ta tafi injiniyan ya zo, tunda dole a buɗe wa wani na'urar. Ya ce in faɗi sunana, ya fara dubawa ko akwai shi a ciki kada a maimaita. Yana latsawa ya ce ai akwai, ga shi ya fito, amma jaririya ce, an yi mata rigakafi kwanan nan. Ya juya wajen ƙawata.

"Hajiya, ke kika shigar. Wace ce wannan?"

Ta sunkuyar da kai tana jijjiga goyonta, ta kasa faɗa. Ni na amsa masa, na ce 'yarta ce, takwarata. Ya ce Allah ya raya, ya miƙo min wurin dangwale. Na ɗora yatsa sau ɗaya, wuta ta kawo kore. Yana haɗa jakarsa yake gaya min cewa binciken ya kusa ƙarewa, in an gama za su zo su karɓi kayansu.

Da safe na raka ta bakin titi, na riƙe mata takwara har ta shiga mota ta zauna, na miƙa ta ta taga. Motar ta fara tafiya ta leƙo da kai, ta buɗe baki za ta kira ni, sai ta tsaya, ta ɗaga hannu kawai.

Na biya kasuwa na sayi lalle, tunda yanzu babu abin da nake tsare wa yatsuna sai babban na dama. Na kwaɓa a tsakar gida, na lafta wa hannun hagu, na naɗe da leda, na ja tsumman da haƙori na ɗaure. Na zauna ina kallon ɗaya hannun da sauran lallen a kwano, babu mai ɗaura min. A bakin rariya na zubar da shi.